Ingilishin Da Ba Mu Koya Ba: Maganar Ido Da Hannu Da Kafaɗa

Muna da wata magana wadda ta daɗe tana damunmu, mun kuwa ga ya kamata mu kawo ta nan, ko Allah ya sa a duba ta. Bari mu fara da abin da ya jawo ta.

Sa'ad da aka rarraba mu makarantu don gwajin koyarwa, wani daga cikinmu ya shiga aji zai karantar da Ingilishi. A cikin littafin akwai labarin wani yaro wanda ubansa ya tambaye shi inda ƙanensa ya tafi. Littafin ya ce yaron bai buɗe baki ba, sai ya yi abin da su ke kira "shrug". Ɗan'uwan nan namu ya duba ƙamus, ya ga an ce motsa kafaɗa ne, sai ya ce wa yara, "Watau yaron ya noƙe kafaɗa." Nan da nan aji ya ɗauki salati. Kun dai sani a wurinmu yaron da ya noƙe kafaɗa ƙi ya yi, wanda kuwa ya yi wa ubansa haka ba shi da tarbiyya. Da aka kai ƙarshen labari, uban ya yi wa yaron kyauta, sai yara suka ce wannan labari ba adalci a cikinsa, an saka wa marar kunya da alheri. Alhali kuwa yaron nan na littafi ba abin da ya ƙi. Kafaɗu biyu ya ɗaga, wanda a wurin mutanen Ingila ma'anarsa ita ce, "Ban sani ba." Kalma ɗaya ta ɓata darasi guda, ta kuma ɓata wa yaro suna a wurin yara arba'in.

Ra'ayinmu a kan wannan shi ne, kalmomin da Ingilishi ke kiran motsin jiki da su, watau na ido da gira da baki da kai da hannu da kafaɗa da yanayin tafiya, sun cancanci a keɓe musu darasi, a koyar da su da gangan kamar yadda a ke koyar da nahawu. Dalili kuwa, ko wace kalma irin wannan ɓari biyu gare ta. Ɓari ɗaya shi ne motsin kansa, ɗayan kuma shi ne abin da mai motsin ke nufi. Ƙamus ya kan ba mu na farko, sau da yawa ya yi shiru a kan na biyu, mu kuwa sai mu cike gurbin da ma'anar gidanmu, mu ɗauka mun gane. Wanda bai san kalma ba ya kan tambaya. Amma wanda ya san rabinta ba ya tambaya, sabo da haka kuskurensa ya fi daɗewa.

In an tambaya me ya sa muka yi shekaru muna karatun Ingilishi ba mu riski waɗannan kalmomi ba, amsar tana cikin yadda aka shirya littattafan koyo. Masu shirya su sun fi kula da kalmomin da su ka fi yawan aukuwa, da waɗanda mutum zai nemi abinci da hanya da su. Misali, a shekarar 1930 wani masani mai suna C. K. Ogden ya fito da tsarin da ya kira Basic English, ya taƙaita harshen cikin kalmomi 850. A cikin jerin nan za ka sami "smile" da "laugh", amma ba za ka sami "nod", ko "shrug", ko "wink", ko "frown" ba. Ba mu ga laifinsa ba, gama wanda zai yi doguwar tafiya ba ya ɗaukar kayan ɗaki duka. Sai dai ranar da ɗalibi ya bar littafin koyo ya buɗe littafin labari na sosai, ya kan tarar rabin abin da mutanen labarin ke faɗa wa juna da jiki su ke faɗarsa. Marubuci ba zai ce mutum ya raina maganar ba, sai ya ce ya ɗaga gira. Ɗalibin da ya tsallake wannan wuri ya karanta kalmomin labari, amma labarin ya wuce shi.

Wahala ta farko ita ce Ingilishi ya kan rarrabe motsi ɗaya kashi kashi, ko wane kashi da sunansa, mu kuwa mun haddace ɗaya tak muna ta aiki da shi. Ɗauki kallo. Mun san "look", shi ke nan. Amma "stare" ƙura ido ne har ya zama rashin ladabi, "gaze" kallo ne mai tsawo na sha'awa ko na tunani, "glance" ɗan duba ne a kau da kai, "peep" leƙe ne, "peer" kallon mai ƙoƙarin gani ne a duhu ko da raunin ido, "glare" kuwa kallon fushi ne. Haka murmushi. "Grin" washe baki ne har haƙora su fito, "beam" fara'a ce wadda ta cika fuska, "smirk" murmushin mai jin kansa ne ko mai murna da abin da ya sami wani, "sneer" kuwa gatsine ne. Wanda ya karanta cewa bawa ya yi wa ubangidansa "smirk", ya fassara shi da murmushi kurum, ba zai gane dalilin da aka kore shi ba. Kada kuwa wani ya ce wannan wata gwaninta ce ta Ingilishi kaɗai. Mu ma muna da harara, da satar kallo, da zare ido, da fari, da kallon hadarin kaji. Mun kuma san bambancin murmushi da yaƙe. Abin da ya rage mana shi ne mu ɗauko namu mu ajiye kusa da nasu, mu ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Akwai fa inda suka dace, har abin ya ba mutum sha'awa. Su kan ce "nod" ga wanda ya gyaɗa kai don yarda, su kuma ce "nod off" ga wanda barci ya fara ɗauka a zaune. Mu ma daga gyaɗa kai ba nisa zuwa gyangyaɗi. Masana sun daɗe suna binciken ko mene ne 'yan Adam suka yi tarayya a kansa. A shekarar 1867 Charles Darwin ya aika da takardar tambayoyi zuwa ga mutanen da ke zaune a ƙasashe masu nisa, yana tambaya yadda mutanen can ke nuna fushi da mamaki da kunya, da ko suna gyaɗa kai don yarda. Ya sami amsoshi 36, ya yi aiki da su a littafinsa na 1872 a kan yadda mutum da dabba ke nuna abin da ke ransu. Ya ga alamun fuska da yawa ɗaya ne ko ina, amma gyaɗa kai da girgiza kai ba su game duniya kamar yadda ya zata ba. Bayansa da shekara ɗari, a 1967 da 1968, Paul Ekman na Amurka ya tafi tsibirin Niugini wurin mutanen Fore, ya nuna musu hotunan fuskoki. Sun gane fuskar murna da ta fushi da ta baƙin ciki da ta ƙyama, sai dai su kan haɗa tsoro da mamaki. Har yanzu masana na gardama a kan iyakar wannan tarayya, amma dai ta nuna masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.

To, amma alamun da a ke yi da gangan a madadin magana, waɗannan koyonsu a ke yi kamar yadda a ke koyon harshe, ko wane tsuntsu kuwa kukan gidansu ya ke yi. Ko a cikin ƙasar Turai ba su daidaita ba. A Bulgeriya al'adarsu ita ce motsa kai sama da ƙasa a'a ne, kaɗa shi gefe da gefe kuwa i ne. Desmond Morris da abokan aikinsa sun bi wurare 40 cikin ƙasashe 25 suna tambayar ma'anar alamu 20, suka buga sakamakon a 1979, suka nuna alama ɗaya ta kan zama yabo a wannan gari, ta zama zagi a wancan. A Ingila kanta, ɗaga yatsu biyu da tafin hannu yana fuskantar jama'a alamar nasara ce, wadda ta bazu a 1941 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Winston Churchill kuma ya yi suna da ita. In kuwa aka juya bayan hannu wajen mutane, ta zama ashar. Tun da abin haka ya ke tsakanin maƙwabta, ina ga tsakaninmu da su?

Bari mu kawo misalai daga gida. Baturen da ya buɗe yatsunsa biyar ya miƙo tafin hannu wajenka, ko dai biyar ya ke nufi, ko tsaya, ko gaisuwa ce daga nesa, wadda su ke kira "wave". A wurinmu kuwa daƙuwa ce, ta taɓa uwa, ta kan kuma jawo dambe. Mutanen Girka su ma zagi ne a wurinsu, suna kiranta "moutza", amma Ingilishi ba shi da suna dominta, sabo da ba ya da ita. Haka kuma kira da hannu. "Beckon" a wurinsu tafin hannu na sama, a tanƙwara manuniya a riƙa jawo ta. Mu in za mu yafito mutum tafin hannu ƙasa ya ke duba, yatsu duka su yi aiki, kira da yatsa ɗaya kuwa raini ne. Baƙon da ya ga muna yafito shi ya kan zaci sallama mu ke yi masa, ko korarsa mu ke yi, sai ya juya ya tafi. Nuni ma haka ne. Su da yatsa su ke yi, su ce "point". Mu muna da zunɗe, wanda a ke yi da leɓe, in ka yi shi gaban wanda bai san shi ba sai ya ce "pout" ka yi, watau turo baki irin na mai shagwaɓa.

Dubi jinjina kuma. Mutum ya dunƙule hannun dama ya ɗaga, ya girgiza shi gaban sarki ko wani babba, wannan iyakar girmamawa ke nan. Amma in tafinta ya juya wannan motsi zuwa Ingilishi yadda idonsa ya gani, ya ce mutumin "shook his fist", to, ya ce ya yi wa sarki barazanar duka. Kalmar da ta dace ita ce "salute", ko da ya ke a wurinsu hannu a buɗe a goshi a ke yin ta. Ka ga nan motsi ya yi gabas, ma'ana ta yi yamma, tafinta kuwa dole ya bi ma'ana. Tagumi ma haka ne. Mu mun san shi da baƙin ciki, har manya kan cire wa yaro hannu in sun ga ya zabga shi. Ingilishi ba shi da kalma guda dominsa, in kuwa sun ga mutum ya tallafe haɓa da hannu, tunani ko gajiya da zama su ke gani. Sanannen gunkin nan na tagulla da Rodin ya yi a Faransa, na mutum zaune ya ɗora haɓa a bayan hannu, sunansa Mai Tunani. Da a kasuwarmu aka kafa shi, da an tambaya wa ya mutu.

Tsaki yana da nasa labari. A Ingilishin da mu ke yi a ƙasar nan mu kan ce "hiss", mu kan kuma ce an yi "eyeing" ɗin mutum in an harare shi. Tsakaninmu wannan ya wadatar, ba kuwa abin kunya ba ne, gama ko wace ƙasa da ta karɓi Ingilishi ta yi masa ƙari. Amma ya kamata mu sani a Ingila "hiss" hucin maciji ne, ko ƙarar da 'yan kallo ke yi wa ɗan wasan da bai gamshe su ba, "eye" kuwa duban mutum ne da lura ko da zato. Abin da ya fi kusa da tsaki a wurin Bature shi ne "tut", wanda bai kai tsaki zafi ba ko kaɗan. Sunan tsaki na sosai a Ingilishi yana wurin baƙaƙen mutanen tsibiran Karebiyan da Amurka, su kan ce "suck teeth" ko "kiss teeth", harara kuma su ce "cut eye". A 1976 John Rickford da Angela Rickford sun rubuta bincike suna nuna waɗannan alamu daga Afirka suka ƙetare teku tare da bayin da aka kwasa. An raba mutanen nan da harsunansu, amma tsaki da harara sun bi jikokinsu har yau.

Duk waɗannan da sauƙi in an gwada su da maganar ido, ita ce kuwa ta fi tsorata mu. Tun muna ƙanana aka hore mu kada mu haɗa ido da babba. Yaron kirki shi ne wanda in ana yi masa magana ya kan sunkuyar da kai, wanda ya tsare babba da ido kuwa a ce idonsa ya bushe, ko a kira shi fitsararre. A Ingilishi kuwa mai gaskiya shi ne wanda zai dube ka cikin ido. Wanda ke kau da ido su kan kira shi "shifty", watau marar amana, wanda ya sunkuyar da kai kuma su ce "hung his head", alamar ya san ya yi laifi. To, ku duba yaro mai ladabi tsaye gaban mai jarraba shi don aiki ko don gurbin karatu a wata ƙasa, yana ba da girma iyakar yadda aka koya masa, mai jarrabawa kuwa yana rubuta cewa ba ya sakin jiki, ko yana ɓoye wani abu. A kotu abin ya fi haka muni. A tsarin shari'ar Ingila, wanda manyan kotunanmu suka gada, alƙali ya kan lura da yanayin mai ba da shaida, kotun ɗaukaka ƙara kuwa ba ta cika rushe abin da ya gani ba, sabo da shi ya ga mai shaida da idonsa. Matsalar ta kai har littafin jagora da a ke ba alƙalan Ingila yana yi musu gargaɗi kada su ɗauki kau da ido alamar ƙarya, gama a waɗansu al'adu ladabi ne. Mai fassara ko mai rubuta rahoto da bai san nauyin waɗannan kalmomi ba yana iya jawo wa marar laifi ɗauri da kalma ɗaya.

Akwai kuma kashi na ƙarshe, watau kalmomin da suka fito daga motsin jiki amma suka zama salon magana. In an ce wani abu "raised eyebrows", ba lalle wani ya motsa gira ba, nufi shi ne abin ya ba mutane mamaki, ba su kuwa yaba ba. "Turn up one's nose" raina abin da aka ba ka ne, "cold shoulder" share mutum ne da gangan, "stiff upper lip" kuwa daurewa ce ba tare da nuna damuwa ba, halin da mutanen Ingila ke yabon kansu da shi. Wannan bai kamata ya zame mana baƙo ba. Mu ma mu kan ce wane ya yi cizon yatsa alhali bai ciji kome ba, mu ce an ja masa kunne ba wanda ya taɓa shi, mu ce yana hura hanci. Sai kuma "blush", wanda littattafansu suka cika da shi, watau fuska ta yi ja don kunya. A fatarmu ba a cika ganin wannan ba, sabo da haka in yaro ya tambaya, gara a ce masa wurin da mu za mu ce budurwa ta rufe fuska, ko saurayi ya sosa ƙeya, nan su ke cewa "blush".

Mun san akwai masu ganin ba haka ba, ba kuwa za mu ƙi sauraronsu ba. Waɗansu za su ce lokaci kaɗan ne, jarrabawa kuwa nahawu da rubutu ta ke tambaya, ba ta tambayar yadda a ke ɗaga kafaɗa. Gaskiya ne nahawu shi ne tushe, ba mu ce a rage masa kome ba. Amma jarrabawar nan tana kawo labari ta ce a karanta a amsa tambayoyi, ta kan kuwa tambayi halin mutumin da ke cikin labarin, ko abin da ya ke ji a ransa. Amsar sau da yawa tana cikin kalma ɗaya irin su "scowled" ko "winced". Bayan wannan ma, mu malamai za mu zama. Kuskuren ɗalibi nasa ne shi kaɗai, amma kuskuren malami ya kan bi aji bayan aji har ya yi ritaya.

Waɗansu kuma za su ce yaran yanzu suna ganin Turawa kullum a majigi da talabijin da wayar hannu, za su tsinci abin da kansu, tun da gani ya kori ji. Mun yarda suna gani, har sun fi mu gani. Sai dai hoto ba ya faɗa maka sunan abin da ka gani, ba ya kuma faɗa maka gaban wa a ke yinsa. Yaro ya ga ɗan wasa ya juya ido sama, abin da su ke kira "roll one's eyes", bai san alamar ƙosawa da raini ba ce, sai ya ɗauka irin farin da 'yan mata ke yi ne. Ya ga ana kashe ido ɗaya, watau "wink", bai san tsakanin abokai alamar wasa ce ko asiri ba, ga wadda ba a saba da ita ba kuwa rashin kunya ne. Baƙo ko da ido makaho ne, sai an yi masa jagora.

Masu magana ta uku su ne suka fi ba mu tunani. Su kan ce in aka koya wa yara waɗannan abubuwa za su koma gida suna tsare iyayensu da ido, suna miƙa wa dattawa hannu a tsaye, hannu ɗaya cikin aljihu. Wannan tsoro yana da dalili, duk mun taɓa ganin ɗan makarantar da ya dawo hutu ya manta yadda a ke durƙusawa. Amma mu a ganinmu rashin koyarwa shi ke kawo wannan. Yaron da ba wanda ya bayyana masa ya kan kwaikwayi abin da ya gani duka, yana zato shi ne wayewa. Wanda aka zaunar aka ce masa ga abin da wannan motsi ke nufi a can, ga abin da ya ke nufi a nan, shi ne zai san ashe ko wanne da muhallinsa. Sanin sunan abu dabam, ɗaukarsa a mai da shi hali dabam. Muna so ɗalibinmu ya iya duban mai jarraba shi cikin ido da safe in wurin ya bukaci haka, da maraice kuma ya tuɓe takalmi ya tsuguna gaban mahaifinsa, kansa a ƙasa, ya kuma iya bayyana wa baƙo da Ingilishi mai kyau dalilin da ya sa ya yi hakan. Kayan aro ba ya rufe katara, amma wanda ya san nasa ba ya jin tsoron sanin na wani.

Sabo da haka ga abin da mu ke roƙo, ba kuwa abu ne mai cin kuɗi ba. Na farko, ko wane ɗalibi ya sami ɗan littafi ya raba shafinsa gida huɗu. A gida na ɗaya ya rubuta kalmar Ingilishi tare da jimlar da ya same ta a ciki, gama kalma ba jimla kamar kifi ne a tudu. A na biyu ya bayyana motsin kansa, wace gaɓa ce ta motsa, ta yaya. A na uku ya rubuta abin da mai Ingilishi ke fahimta in ya gani. A na huɗu ya rubuta abin da mu mu ke fahimta, da kalmar Hausa da ta dace da ma'anar, ko da motsin ya saɓa. Na biyu, muna roƙon malamanmu na Ingilishi su ba mu minti goma ko sha biyar a mako, inda ɗalibi zai tashi ya yi motsin, sauran su faɗi sunansa. Za a yi dariya, ba laifi, abin da jiki ya aikata ya fi zama a kai bisa ga abin da aka haddace. Na uku, a riƙa koyar da su iyali iyali, na kallo rana ɗaya, na murmushi rana ɗaya, na tafiya irin su "strut" da "stagger" da "limp" da "tiptoe" rana ɗaya, a jera su da taƙama da tangaɗi da ɗingishi da sanɗa. Na huɗu, duk malamin da ya taɓa zama cikin masu Ingilishi, ko wanda harshen uwarsa ne, mu riƙa tambayarsa ba kunya, shi ma ya tambaye mu namu. Matambayi ba ya ɓata.

Gida na huɗun nan kuwa kada a raina shi, don mun gwada mun ga shi ya fi wuya. Da muka zauna cika shi sai muka tarar da yawa daga cikinmu ba su iya bambanta yatsine da gatsine ba, ko ƙwafa da tsaki, ko taɓe baki da murguɗa shi, sai da muka koma ga tsofaffi. Ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 sun taimake mu ƙwarai, amma kakanninmu mata sun fi su sanin gaban wa a ke yin ko wanne, da abin da kan biyo baya in an yi shi inda bai kamata ba. Mun kuma ga Bakano da Basakkwace da Bakatsine ba kullum su ke kiran motsi ɗaya da suna ɗaya ba, abin da ya sa zaman ya yi daɗi. Mun fita neman Ingilishi, sai ga shi mun dawo da Hausar da muka kusa yarwa.

Ɗan'uwan nan namu da muka fara da labarinsa ya koma ajin bayan mako guda, ya gaya wa yara ya yi kuskure. Ya tsaya gabansu ya noƙe kafaɗa ɗaya, suka ce, "Na ƙi." Ya ɗaga biyu tare ya buɗe tafin hannuwa, ya ce musu wannan shi ne "shrug", ma'anarsa "ban sani ba", wani lokaci kuma "ba ruwana". Suka sāke karanta labarin, yaron littafi ya fita daga zargi. Gyaran bai ci minti biyar ba. Muna fata malamanmu za su dubi wannan roƙo, 'yan'uwa kuma waɗanda ke da wani ra'ayi dabam su rubuto mu ji. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.